Sultan Ahmad, Jami'ul Fana ko Registan: Wane Dandali Ya Cancanci Kuɗin Jirginka?

Mai son tarihi da Allah ya hore wa kuɗin tafiya ɗaya tak yakan tsaya yana saƙa da warwara tsakanin wurare uku da suka yi suna: dandalin Sultan Ahmad a Istanbul ta Turkiyya, Jami'ul Fana a Marrakesh ta Maroko, da Registan a Samarkand ta Uzbekistan. A hoto duk suna ɗaukar ido, kuma duk ukun suna cikin tsofaffin biranen da hukumar UNESCO ta sa a jerin gadon duniya: Istanbul da Marrakesh a 1985, Samarkand a 2001. Sai dai abin da kowanne ke bayarwa ya sha bamban ƙwarai. Wanda ya je Marrakesh neman manyan gine-gine a tsakiyar dandali zai dawo yana cizon yatsa, haka ma wanda ya je Samarkand neman hada-hadar jama'a.

Ga ma'aunin da zan bi. Na farko zurfin tarihi, da yawan abin da ya rage na asali da ido zai gani. Na biyu rayuwar wurin, wato ko mutanen gari na amfani da shi har yanzu ko an bar wa baƙi. Sai kuɗin da zai ci, da sauƙin isa, da haɗari. Na ƙarshe, wanda mutane ba su cika sa shi a lissafi ba alhali a ganina shi ne ke raba gardama, shi ne ɗorewa: idan ka ɗaga tafiyar zuwa shekara goma nan gaba, abin da kake son gani zai jira ka?

Dandalin Sultan Ahmad, Istanbul

Wannan fili asalinsa filin sukuwa ne. An fara shi zamanin sarkin Rum Septimius Severus, sarki Kustantin ya faɗaɗa shi lokacin da ya mayar da birnin fadar mulkinsa a shekara ta 330. Tsawonsa ya kai wajen mita 450, kuma dubun-dubatar mutane ne ke cika shi don kallon tseren keken doki. Siffar dandalin na yau, dogo siriri, ita ce siffar filin tseren. Ginshiƙai ukun da ke jere a tsakiya su ne layin da dawakai ke kewayawa.

Ka tsaya gaban na farko ka duba da kyau. Dogon dutse ne jajaja guda ɗaya da Fir'auna Tutmos na Uku ya kafa a Karnak ta ƙasar Masar wajen ƙarni na 15 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Sarki Tiyodosiyus ya sa aka kafa shi a nan a 390. Yana zaune ne kan ƙananan dunƙulen tagulla huɗu, a ƙarƙashinsu kuma akwai farin dutse da aka sassaƙa sarkin da fadawansa suna kallon tsere, har da hoton yadda aka ja dutsen da igiyoyi aka tayar da shi. Za ka lura gindinsa yana cikin rami, sai ka leƙa ƙasa. Ba haƙa aka yi masa ba, ƙasar birnin ce ta yi ta tasowa tsawon ƙarnoni. Rubutun Misirawan da ke jikinsa kuwa raɗau yake, ya fi sassaƙen Rumawan da ke ƙarƙashinsa fitowa, alhali ya girme shi da kusan shekara 1,800.

Na biyu ginshiƙin tagulla ne na macizai uku da suka nannaɗe juna. Girkawa ne suka ƙera shi bayan nasararsu kan Farisawa a Palataya a shekara ta 479 kafin Miladiyya, suka rubuta sunayen garuruwa 31 da suka yi yaƙin, suka ajiye shi a Delfi kafin Kustantin ya ɗauko shi. Kawunan macizan sun karye, amma ana iya ganin ɓangaren kai ɗaya a gidan adana kayan tarihi na birnin. Na uku hasumiyar duwatsu ce da a da take lulluɓe da tagulla, mayaƙan Salibiyya suka ɓaɓɓare ta a 1204, shekarar da suka kwashe dawakan tagulla huɗu na filin suka kai Venis.

A wannan fili aka yi tarzomar Nika a 532, lokacin da magoya bayan ƙungiyoyin tsere biyu, Shuɗaye da Koraye, suka haɗa kai suka yi wa sarki Jastiniyan bore. Sojojinsa suka rufe ƙofofi suka kashe mutum wajen 30,000 a ciki. Cocin da ya ƙone a tarzomar shi aka sake ginawa aka kammala a 537, shi ne Ayasofiya. Bayan Sultan Muhammad al-Fatih ya ci birnin a 1453 ta zama masallaci, ta koma gidan tarihi a 1934, ta sake komawa masallaci a 2020. Sultan Ahmad na Ɗaya ya gina nasa masallacin mai hasumiya shida a gefen filin tsakanin 1609 da 1617, da tayil na Iznik fiye da 20,000 a ciki. A ɗaya gefen akwai fadar Ibrahim Pasha, babban wazirin daular Usmaniyya, wadda yanzu gidan adana fasahar Turkawa da ta Musulunci ce, inda ake ajiye tsofaffin kwafin Alƙur'ani da darduma. Har wata rumfar famfo da Kaisar Wilhelm na Biyu na Jamus ya bayar kyauta bayan ziyararsa ta 1898 tana nan. Misirawa, Girkawa, Rumawa, Turkawa da Jamusawa, duk a tazarar tafiyar minti goma.

Shiga dandalin kyauta ne, haka masallacin Sultan Ahmad. Kuɗin yana a gefe. Tun Janairun 2024 baƙon da ya je yawon buɗe ido a Ayasofiya yana biyan Yuro 25, kuma benen sama kaɗai yake zagayawa. Fadar Topkapi ta sarakunan Usmaniyya da tsohuwar ma'ajiyar ruwa ta ƙarƙashin ƙasa kowacce da nata tikitin mai tsada, kuma farashin da ake yankawa da Lira yana sauyawa a kai a kai saboda faɗuwar kuɗin. Wanda zai shiga komai, nan ne zai fi kashe kuɗi cikin ukun. Abincin gidajen da ke fuskantar dandalin ma ya fi na 'yan titunan baya tsada nesa ba kusa ba.

Wajen sauƙi babu na biyunsa. Jirage daga kusan ko'ina suna sauka Istanbul, kodayake babban filin jirgin yana da nisan fiye da kilomita 40 daga tsohon gari. Jirgin ƙasa na kan titi mai lamba T1 yana tsayawa a bakin dandalin, ƙasa shimfiɗaɗɗiya ce, akwai kujeru da inuwa, tsoho da mai keken guragu za su iya. Haɗarin yau da kullum shi ne 'yan sane a cunkoso, da masu daɗin bakin da ke jan baƙo zuwa shagon darduma, da direban tasi mai zagaye. An kai harin bam kusa da dutsen Fir'auna a Janairun 2016, akasarin waɗanda suka mutu Jamusawa ne, kuma tun lokacin 'yan sanda suka yawaita a wurin. Raunin dandalin ɗaya ne: ya zama na baƙi. Sai lokacin sallar Juma'a da daren Ramadan, lokacin da iyalai ke shimfiɗa a ciyawa suna jiran buɗa baki, yake komawa hannun 'yan gari.

Jami'ul Fana, Marrakesh

Idan ka isa da hantsi za ka ce an yaudare ka. Fili ne fetal marar tsari, babu ginshiƙi, babu mutum-mutumi, sai kekunan masu lemon zaƙi da rana mai dukan ka. Ginin da ya cancanci kallo yana can gefe: hasumiyar masallacin Kutubiyya mai tsawon mita 77, wadda daular Muwahhidun ta kammala a ƙarshen ƙarni na 12. Birnin kansa sarakunan daular Murabiɗun ne suka kafa shi wajen 1070, filin kuma tun farkon zamani kasuwa ne da matattarar ayari a bakin fada, inda ake shela, ake kuma zartar da hukunci a bainar jama'a.

Ka dawo da la'asar sakaliya. Masu abinci za su turo kekuna su kafa rumfuna masu lamba cikin ɗan lokaci, hayaƙin gashi ya turnuƙe. Can gefe sai da'irori su fara haɗuwa, abin da 'yan Maroko ke kira halƙa. Wani dattijo ya durƙusa a tsakiya da fitila ɗaya, yana ba da hikayar jarumai cikin Larabcin gari. Daidai inda labari ya ɗau zafi sai ya tsaya cak, ya miƙa hula, ba zai ci gaba ba sai tsabar Dirhami ta zuba. Masu sauraron kuwa ba Turawa ba ne, leburori ne da ɗalibai da mutanen ƙauye da suka shigo gari. Kusa da shi mawaƙan Ginawa na kaɗa ƙarafunan hannu da gurminsu mai tsirkiya uku, kiɗan da asalinsa ya fito daga bayin da aka tsallako da su Sahara daga ƙasashen baƙar fata. Ga masu maganin gargajiya, ga 'yan tsalle-tsalle, ga masu sayar da ruwa da jajayen kaya da salka da kofunan tagulla.

Wannan shi ne tarihin da wurin ke da shi, kuma a bakin mutane yake. Tun 1922 doka ta ba filin kariya. Damuwar da aka yi kan makomarsa a shekarun 1990 ce ma ta taimaka wajen haifar da shirin UNESCO na kare al'adun baka, shi ya sa yana cikin rukunin farko na al'adu 19 da aka ayyana a 2001. Ba ƙaramin abu ba ne a ce fili marar gini ya sa duniya ta yarda cewa labarin da tsoho ke bayarwa gado ne daidai da dutse.

Ga wanda tarihin Afirka ta Yamma ke ransa, birnin na da wani nauyi na daban. Daga nan sarkin Maroko, Sultan Ahmad al-Mansur na daular Sa'adiyya, ya tura rundunar da ta karya daular Songhai a Tondibi a 1591. Nan aka kawo malamin Timbuktu, Ahmad Baba, a ɗaure a 1594, ya zauna yana karantarwa da ba da fatawa har aka bar shi ya koma gida bayan rasuwar sultan. Kufan fadar Badi da kaburburan sarakunan Sa'adiyya duk tafiyar ƙafa ce daga dandalin.

Ba a biyan kuɗin shiga, amma komai na ciki da kuɗinsa. Ka ɗaga waya ka ɗauki mai maciji, ka biya. Ka tsaya a halƙa, ka jefa wani abu, kuma wannan haƙƙi ne, da shi mai labarin ke ci. Matsalar ita ce masu tilastawa: mai lalle da za ta cafki hannun mace ta fara zane kafin a yi ciniki, mai birin da zai ɗora maka shi a kafaɗa sannan ya tsuga kuɗi, yaron da zai ce hanyar gabanka a rufe take don ya raka ka ya karɓi lada. Maganinsu a yanke farashi tun kafin a fara, a riƙe canji a aljihu, a kuma iya cewa a'a da murmushi. Ni dai ba zan ba da shawarar hoto da biran ba. Nau'insu na cikin barazanar ƙarewa, sarƙar da ke wuyansu kuma ta isa shaida. A rumfar abinci, bi wadda 'yan gari suka cika, ka tambayi kuɗin kowane faranti kafin a ajiye maka, domin burodi da zaitun da ba ka nema ba ma suna shiga lissafi. Duk da haka masauki a tsohon gari da abinci suna da rangwame idan aka kwatanta da Istanbul.

Filin jirgin Menara bai fi 'yan kilomitoci daga dandalin ba, jirgin ƙasa daga Kasabalanka kuma kusan awa uku ne. Mai jin Larabci ko Faransanci zai sake sosai. Lungunan bayan filin ƙunci gare su, babura na kutsawa cikin mutane, ga zafin bazara da kan haura maki 40. An kai harin bam a gidan shan shayi na Argana a Afrilun 2011, mutum 17 suka mutu. Girgizar ƙasar 8 ga Satumba 2023, da ta hallaka kusan mutum 3,000 akasari a ƙauyukan tsaunin Atlas, ta rushe hasumiyar wani ƙaramin masallaci a gefen dandalin, amma ba a jima ba rumfuna suka dawo.

A ma'aunin ɗorewa ne wurin ke tayar mini da hankali. Masu hikaya tsufa suke yi suna ƙarewa, talabijin da wayar hannu sun janye masu sauraro, kuma nishaɗin da baƙo zai biya ba tare da ya ji harshen ba shi ke cin kasuwa. Akwai matasa da ke koyo a hannun sauran dattawan, amma yawanci a gidajen shayi da zaurukan taro suke yi, ba a tsakar fili ba. Filin zai daɗe, abin da ya sa ya zama Jami'ul Fana ne ba tabbas.

Registan, Samarkand

Nan ido ne ke cin abinci. Makarantu uku manya sun kewaye fili ta gefe uku, gabansu duk shuɗi da kore da ruwan zinare. Ta hagu Ulug Beg, jikan Taimur, mayaƙin sarkin da ya mayar da Samarkand fadar mulkinsa, ya gina tsakanin 1417 da 1420. Sarki ne masanin falaki, wanda jadawalinsa ya ƙunshi taurari 1,018, shi ya sa aka ƙawata ƙofarta da zanen taurari. A da ana karantar da lissafi da falaki a cikinta tare da ilimin addini. Bayan shekara 200 gwamnan birnin, Yalangtush Bahadur, ya gina Sher-Dor tana fuskantarta, daga 1619 zuwa 1636. A saman ƙofarta akwai wata dabba mai kama da zaki mai zanen damisa tana bin farar barewa, rana mai fuskar mutum na fitowa daga bayanta, abin da ba a saba gani ba a ginin addini. Shi dai ya fara ta ukun, Tilla-Kari, a 1646, aka gama a 1660, mihrabin masallacinta shafe da zinare.

Gaskiyar da ya kamata mai zuwa ya sani ita ce kaso mai yawa na abin da zai gani gyara ne. Lokacin da Rasha ta ci birnin a 1868 gine-ginen sun riga sun lalace, girgizar ƙasa ta ƙara musu. Injiniyoyin Tarayyar Sobiyat ne suka miƙar da hasumiyar Ulug Beg da ta karkace a 1932, suka sake tayil masu ɗimbin yawa, shuɗiyar ƙubbar Tilla-Kari ma a ƙarni na 20 aka ɗora ta. Aikin ya yi kyau, ba kuma don shi ba da yanzu kufai ake kallo. Amma kasuwar da a da ta cika filin an kwashe ta, ɗakunan ɗalibai sun zama shagunan tsaraba. Ana sayen tikiti da kuɗin ƙasar, Som, kafin a shiga, kuma bai kai na manyan wuraren Istanbul ba. Daga dandamalin da ke bakin titi ana iya kallonsa kyauta, musamman da dare idan aka kunna fitilu.

Abin da ke ƙara wa tafiyar daraja yana kewaye: kabarin Taimur a Gur-Amir, masallacin Bibi Hanum, jerin ƙubbobin Shahi Zinda, kabarin Imam Maturidi a cikin gari, da na Imam Bukhari, wanda ya rasu a 256 bayan Hijira, a ƙauyen Hartang da ke ɗan nesa da birnin. Wajen kwanciyar hankali shi ne kan gaba, ba mai jan rigarka. Wahalarsa nisa ce. Ko dai a biyo jirgi daga Istanbul, ko a sauka Tashkent, babban birnin ƙasar, a hau jirgin ƙasa mai sauri na Afrosiyob, tafiyar awa biyu da 'yan mintuna, wanda tikitinsa ke ƙarewa da wuri. Harsunan gari Uzbek ne da Tajik da Rashanci. Otal ne ke yi wa baƙo rajista da hukuma, don haka a adana takardar shaidar. Sanyin hunturu mai tsanani ne, har da ƙanƙara.

| Ma'auni | Sultan Ahmad | Jami'ul Fana | Registan |
|---|---|---|---|
| Abin gani | Kayan tarihi na dauloli da yawa | Mutane da al'adun baka | Makarantu uku na ƙarni na 15 da na 17 |
| Abin da ya rage na asali | Da yawa | Gini kaɗan, al'ada a raye | An gyara kaso mai yawa |
| Kuɗin shiga | Kyauta, na gefe da tsada | Kyauta, ana biya kaɗan-kaɗan | Tikiti matsakaici |
| Sauƙin isa | Mafi sauƙi | Da sauƙi | Sai an shirya |
| Takura da damfara | Matsakaici | Mafi yawa | Kaɗan |
| Lokacin da ya fi | Bayan asuba, ko Ramadan | La'asar zuwa dare | Sassafe da almuru |
| Zai jira ka? | Zai jira | Ba tabbas | Zai jira |

Wani zai tambaya ina dandalin Nakshi Jahan na Isfahan, wanda Shah Abbas ya fara a 1598, mai tsawon mita 560 da faɗin 160. Ya cancanci zama cikin jerin, domin ya haɗa kyan Registan da rayuwar 'yan gari. Na bar shi ne saboda katin banki na waje ba ya aiki a Iran, kuma yanayin tsaron yankin na iya rushe shirin tafiya cikin dare ɗaya.

To wa ya kamata ya je ina? Wanda wannan ce fitarsa ta farko, ko zai tafi da iyaye tsofaffi ko yara ƙanana, ko kwana biyu kawai gare shi a hanyarsa ta zuwa wata ƙasa, ya nufi Sultan Ahmad. Babu inda zai ga tarihi mai yawa haka da ƙaramar wahala, kuma ko aljihu bai yi nauyi ba, ginshiƙan uku da masallacin kyauta ne.

Ɗalibin ilimi mai son ya taka ƙasar da ta fitar da Bukhari da Maturidi, da mai ɗaukar hoto, da mai nazarin zanen gini, da duk wanda hayaniya ke gajiyar da shi, Registan ne nasu. Su ware aƙalla kwana uku, su haɗa da Bukhara tunda layin jirgin ƙasa ɗaya ne, su zaɓi Afrilu zuwa Mayu ko Satumba zuwa Oktoba.

Mai jin Larabci, mai ƙarfin ƙafa da haƙurin ciniki, wanda labari da kiɗa da mutane suka fi burge shi a kan duwatsu, ya tafi Marrakesh. Wanda kuma yake da niyyar ganin duka ukun a hankali, shekara bayan shekara, ni da Jami'ul Fana zan ce ya fara, sannan Samarkand, ya bar Istanbul a ƙarshe tunda jirage da yawa ta can suke bi. Ya kama masauki a cikin tsohon gari don ya iya komawa filin dare biyu ko uku a jere, ya wuce rumfunan abinci zuwa gefen da haske bai yi yawa ba, ya nemi da'irar da 'yan gari suka fi yawa, da canjin Dirhami a hannu.